Wai da gaske Mourinho ne ya kashe wa Mikel Obi wasa?

ɗan_kurna:

Assalamu alaikum 'yan uwa masana ƙwallo. Don Allah waɗanda suka kalli Mikel Obi tun farkon fitowarsa su raba mana wata gardama da taƙi ci taƙi cinyewa a majalisarmu. Ni dai da wayona na tashi na ganshi a Chelsea sanye da lamba 12 yana tsaye gaban 'yan baya, ya karɓa ya miƙa wa na kusa dashi, ya karɓa ya mayar baya, har tsiya muke masa a gidan kallo muna cewa duk ranar da Mikel yayi fasin gaba to sai an yi ruwa. Amma yayyenmu kullum maganarsu ɗaya ce, wai wannan ba shine Mikel na asali ba, wai lamba goma ne na gasken gaske, a 2005 shi da Messi ake jerawa, Mourinho, kocin Chelsea na lokacin, shi ne ya ɗauke shi ya mayar dashi ɗan dako. Wani abokina kuma ɗan Chelsea ne na mutuwa, shi cewa yake ƙarya ne, da ba don wancan canjin ba da bai yi shekara biyu ma a Ingila ba.

To wai ina gaskiyar take? Kuma in aka ajiye son kai gefe, mutumin da ya buga wa kulob wasa 372 ya ci ƙwallo 6 kacal, ana iya ce masa gwarzo ko kuwa dace kawai yayi ya faɗo cikin tim mai ƙarfi? Sannan a Super Eagles ina matsayinsa in aka kawo su Okocha da Oliseh? Masu shekaru a taimaka mana.

Baban_Khalifa:

Wa alaikumus salam. Ƙanina yayyenka basu yi maka ƙarya ba wallahi. Duk wanda ya kalli gasar 'yan ƙasa da shekara 20 da aka yi a Holan a 2005 bazai taɓa yarda cewa wancan yaron shine wanda daga baya ya koma mai fasin gefe ba. Siasia ne koci, Isaac Promise kyaftin, Vanzekin a raga, Taye Taiwo a hagu, ga Sani Kaita namu na Pillars a bayansa yana share masa fili, shi kuma Mikel aikinsa kawai ya karɓi ƙwallo ya ɗaga kai. Yaron yana da wata natsuwa da ba a saba gani wajen ɗan shekara 18 ba, mutum biyu zasu taso masa ya juya musu baya ya kare ƙwallon da jikinsa, kafin kace me ya zame ya tura wa su Ogbuke a gaba. Muka cire Ukraine, muka cire masu masaukin baƙi a fenareti 10 da 9, muka yi wa Maroko 3 da nema, sai fainal da Ajantina. Can ma ba fin ƙarfinmu aka yi ba, fenareti biyu aka basu Messi ya ci duka, Ogbuke ya ci mana ɗaya da ka, aka tashi 2 da 1. Da aka zo rabon kyauta Messi ya ɗauki ta zinare, Mikel ta azurfa, Taiwo ta tagulla. To kaga maganar jera shi da Messi ba labarin shayi bane, haka abin ya faru.

Watanni kaɗan bayan nan Eguavoen kocin Super Eagles ya tafi dashi kofin Afirka na 2006 a Masar. Wasanmu da Zimbabwe ya cije anƙi ci, aka sako yaron daga benci, ya bada wadda Obodo ya ci, shi ma ya ci tasa, 2 da nema. A lokacin Okocha na shirin ajiye rigar ƙasa, kowa cewa yake alhamdulillahi ga magaji Allah ya kawo.

Sai me? Sai ya faɗa Chelsea, inda akwai Lampard akwai Ballack akwai Essien, babu wanda zai matsa wa yaro ɗan 19 a gaba. Gurbi ɗaya ne ake hangen zai buɗe, na Makelele da ya haura 33, shine Mourinho yace to kai zauna nan ka koyi aikin wannan dattijon. Kuma kowa yasan Mourinho, in kayi yanka a tsakiyar fili aka ƙwace ka gama buga masa wasa. Yaro ya koyi tsoro, ya koyi cewa gara ka ba na kusa da kai da kayi kasada. Shekara biyu uku a haka ai shikenan, abin ya bi jiki. Ni har gobe ina cewa Chelsea ta samu ma'aikaci, Najeriya kuma tayi asarar ɗan wasan da ba a samu irinsa ba tun bayan Jay-Jay Okocha.

Blues_Zariya:

Baban Khalifa da girmanka amma wannan waƙar mun gaji da jinta. Gasar yara daban, Firimiya daban. Yara nawa ne suka haska a irin wannan gasar daga baya aka neme su aka rasa? A cikin wannan tim ɗin na Siasia ma kaɗai ka lissafa min su waye suka yi shekara goma a babban kulob na Turai in ba Mikel ba.

Kuma abin da mutane ke mantawa, Mourinho fa a watan Satumba na 2007 ya bar Chelsea, wato shekara ɗaya da 'yan watanni kawai yayi da Mikel a zuwansa na farko. Bayansa Grant yazo, Scolari yazo, Hiddink, Ancelotti, Villas-Boas, Di Matteo, Benitez, duk waɗannan babu ɗaya da ya kalli Mikel a tirenin yace kai wannan ai lamba goma ne ake ɓatawa. Scolari ɗan Brazil ne fa mai son a taɓa ƙwallo, Ancelotti shine mutumin da ya riƙe su Pirlo da Kaka a Milan, kana ganin in da akwai Kaka a jikin Mikel bazai gani ba? Gaskiyar magana Mikel bashi da gudu, bashi da shot, kuma ba mai kutsawa cikin akwatin abokan hamayya bane. Abin da Allah ya bashi shine ƙarfin jiki, riƙe ƙwallo da sanin inda zai tsaya, kuma waɗannan kayan aikin wancan gurbin ne.

Batun ƙwallo 6 kuma ɗan_kurna, ai ba shi aka aika ya ci ba. Kakar 2009/10 ƙarƙashin Ancelotti mun ci ƙwallo 103 a lig, Drogba 29, Lampard 22 daga tsakiya. Kana ganin Lampard zai dinga shiga akwatin mutane haka kawai ba tare da yasan akwai wanda ya bari a baya yana tsare masa gida ba? Har na haddace ƙwallayen nasa don 'yan adawa sun dame mu dasu, Macclesfield da Nottingham Forest a kofin FA a 2007, daga nan shiru sai Fulham a Satumbar 2013 wadda itace ɗaya tilo da ya ci a Firimiya, sai Derby, sai Sporting, sai ta PSG a Paris a 2016, wadda firikik ɗin Ibrahimovic ya daki jikinsa ya shiga ragarmu shi kuma ya je ya farke kafin a tafi hutu.

Amma in kana son ka san waye Mikel kaje ka nemi wasannin Champions na 2012 ka kalla da natsuwa. Napoli ta ci mu 3 da 1, aka kori Villas-Boas, Di Matteo ya karɓa ya kafa Mikel a gaban 'yan baya. Wasan Barcelona a Camp Nou, an ba Terry jan kati, mu goma, Xavi da Iniesta da Messi suna ta kewaya mu kamar za su haɗiye mu, aka tashi 2 da 2 muka wuce. Fainal kuma a Munich ranar 19 ga Mayu, a gidan Bayern, babu Terry babu Ivanovic babu Ramires babu Meireles duk an dakatar dasu, Mikel ya buga minti 120 cur a gaban su Schweinsteiger da Kroos da Muller. Kowa na tuna kan Drogba da fenaretin Robben da Cech ya kama, amma a wajena bayan waɗannan biyun babu wanda ya kai Mikel aiki a daren nan, duk lokacin da muka ƙwato ƙwallo numfashinmu na fita shine yake riƙe ta ya jawo fawul mu ɗan huta.

Firimiya 2, Champions 1, Europa 1, ga kofunan FA da na Lig. Abramovich, mai kulob ɗin a lokacin, mutum ne da yake canja koci da 'yan wasa yadda yaga dama, duk shekara sai an sayo wani a tsakiya, amma yaron Jos ya zauna daga 2006 har Janairun 2017. Dace baya kai mutum shekara goma da rabi a wannan gidan.

ManU_har_abada:

Hhhh ku dai 'yan Chelsea ku fara biyan bashin kunya tukunna. Yaron nan namu ne, a Afrilun 2005 United ta sanar ta saye shi daga Lyn ta Norway, har hotonsa akwai yana murmushi da jar riga a jikinsa. Kawai sai muka ji wai ya ɓace, sai gashi a Landan yana cewa shi Chelsea yake so. Shekara guda ana shari'a yaro na zaune baya buga wasan kirki, ƙarshe a 2006 kuka biya fam miliyan 16, United ta karɓi 12, Lyn ta karɓi 4. Wato mun ci fam miliyan 12 akan ɗan wasan da ko tirenin ɗin kakar wasa bai fara mana ba, muka je muka ɗauko Carrick daga Tottenham, muka ci lig uku a jere, muka haɗu daku a fainal ɗin Champions a Mosko a 2008 Terry ya zame wajen buga fenareti, Mikel ɗin yana benci yana kallo.

Amma tsakani da Allah da ya zo wajen Ferguson da labarin ya canja. Keane ya tafi a ƙarshen 2005, gurbi a buɗe yake, kuma Baba Fergie yana barin yaro yayi kuskure ya koya. Kwaɗayi ne ya kai shi inda aka rufe shi.

Na_Gangare:

ManU_har_abada a daina cewa kwaɗayi don Allah, yaro ɗan 18 a ƙasar da ba tasa ba manya suna ja ta ko'ina, wakilai na ja, kulob biyu na ja. Kuma kar ka manta daga baya kotu a Norway ta samu shugaban Lyn ɗin da laifin yin takardun bogi a kan wannan cinikin, don haka ba yaron ne kaɗai abin zargi ba.

Ni abin da zan ƙara, mu a Jos ɗan gida muke ɗaukarsa. Iyayensa Inyamurai ne amma a nan aka haife shi a 1987, a nan ya tashi, mahaifinsa harkar motocin haya yake, daga makarantar ƙwallo ta Pepsi ya shiga Plateau United, daga nan aka tafi dashi gasar 'yan ƙasa da 17 a Finland a 2003, can Turawa suka fara ganinsa. Garin nan dama ya saba fitar da 'yan ƙwallo, Ahmed Musa ma ai ɗan Jos ne, Onazi ma haka.

Abin da yasa ni bana iya zaginsa ko da yayi wasan banza shine abin da ya faru da mahaifinsa, har sau biyu. A watan Agustan 2011 aka sace dattijon a nan Jos, Mikel na da labari amma ya fito ya buga wa Chelsea wasa da Stoke, sai bayan kwanaki 'yan sanda suka gano shi a Kano. Na biyun yafi tayar da hankali, ranar 26 ga Yunin 2018, saura 'yan awanni mu buga da Ajantina a kofin duniya a Rasha aka kira shi aka ce an sake ɗauke mahaifinsa a hanyar Inugu, kuma aka ce in ya faɗa wa wani za a kashe shi. Bai gaya wa koci ba, bai gaya wa 'yan wasa ba, ya ɗaura kambun kyaftin ya shiga ya buga minti 90, ga hannunsa a naɗe saboda raunin da ya samu a wasan Iceland. Mu muna gidan kallo muna ta surutu akan fasin ɗinsa bamu san me ke cikin ransa ba, sai bayan an ceto baban nasa labarin ya fito. Allah ya raba mu da irin wannan jarabawar.

tsohon_lamba4:

Amin Na_Gangare. Na karanta duk abin da kuka rubuta, bari in sa baki a matsayin wanda ya taɓa buga wannan gurbin a ƙwallon unguwa kafin gwiwa ta ce ta gaji.

Baban Khalifa da Blues_Zariya kowannenku ya riƙe rabin gaskiya ne. Abin da zai raba gardamar ba a Chelsea yake ba, a Super Eagles yake, domin a nan ne aka ba Mikel riga mai lamba 10 aka ce masa jeka kayi abin da kake so, babu Mourinho babu Lampard. To sai mu duba yaushe ne yayi mana wasa mafi kyau.

Shekarun farko dai ba daɗi. A kofin Afirka na 2008 a Ghana ƙarƙashin Berti Vogts an tura shi gaba, ya ci Benin, amma tim ɗin gaba ɗaya ba ta da kai, Ghana ta cire mu a kwata fainal alhali su goma ne a fili. A 2010 a Angola tagulla muka samo da Amodu amma 'yan Najeriya zaginsa suke wai yana tsoron ƙafarsa, wai Chelsea yake wa wasa da zuciya ɗaya. Kofin duniya na Afirka ta Kudu bai je ba saboda gwiwa, wanda a can ne Kaita ya samu jan katin nan da Girka da har yau ba a daina yi masa gori ba. Kofin Afirka na 2012 ko zuwa bamu yi ba, Gini ta riƙe mu 2 da 2 a Abuja.

Sai Keshi, Allah ya jiƙan maza. Abin da koci Keshi ya gane a kofin Afirka na 2013 shine Mikel ba lamba goma bane irin Okocha, kuma ba mai tare hanya bane kawai irin yadda Chelsea ke amfani dashi. Wuri ne tsakanin biyun. Sai ya ajiye shi a ƙasa, ya sa masa Onazi a gefe yana gudu yana cizo, Sunday Mba a gabansu, shi kuma aka bar masa rabon ƙwallo. Farkon gasar ma da ƙyar, kunnen doki da Burkina Faso, kunnen doki da Zambiya inda shi Mikel ɗin ya ɓarar da fenareti, sai da Moses ya cece mu a wasan Habasha. Amma ranar Kwaddebuwa a kwata fainal, ranar da kowa ya gama cewa mu haɗa kayanmu, ga Yaya Toure ga Tiote ga Drogba, wallahi Mikel ne ya mallaki tsakiyar filin nan. Emenike ya ci firikik, Tiote ya farke, Mba ya ƙara, sannan dab da tashi ƙwallo ta faɗo wa Lacina Traore a bakin raga, Mikel ya zo ta baya ya zare ta daga ƙafarsa. Wannan zarewar da ita da ƙwallon Mba duk ɗaya ne a wajena, kuma ku lura a ina ya koyo ta, ba a Holan ba dai. Muka yi wa Mali 4 da 1, muka ci Burkina Faso 1 da nema a Johannesburg, kofi na farko tun 1994. A shekarar ne ya ci Uruguay wata ƙwallo mai kyau a kofin nahiyoyi a Brazil, ya yanke Lugano ya nana ta da hagu, kuma shine yazo na biyu a gwarzon Afirka bayan Yaya Toure, aka yi bikin a Legas mutane suka yi ta ƙorafi.

Yanzu ku kwatanta da kofin duniya na 2018. Koci Rohr ya saka shi a bayan Ighalo a wasan Kuroshiya, ainihin lamba goman da ake ta kuka an hana shi. Me ya faru? Modric da Rakitic suka yi ta wasansu, shi yana can gaba ƙwallo bata isa wajensa, in ta iso kuma babu gudun da zai wuce mutum, aka ci mu 2 da nema. Wasan Iceland aka dawo dashi ƙasa kusa da Ndidi da Etebo, nan take tim ta zauna, Ahmed Musa ya ci biyu. Za ku ce ai lokacin ya tsufa, na yarda, shekararsa 31 kuma daga Chaina yake zuwa. Amma ko a wasannin neman gurbi da yayi kyau a gaba, ya ci Aljeriya a Uyo, ya ci Kamaru a 4 da neman nan, in kun lura yawanci sai ya gangaro ƙasa yake karɓar ƙwallo ya juya, ba a bakin akwati yake jira ba.

Don haka ni a ganina abin da Chelsea ta rage masa ba gurbi bane, kasada ce. Dogon fasin nan da yake yi a 2005 mai tsaga 'yan baya, shi ne ya daina gwadawa, saboda a can in ka ɓatar sau biyu akwai wani ɗan fam miliyan 20 a benci yana jiranka. Da ya samu kocin da zai ce masa zauna a ƙasan amma ka dinga neman gaba, irin yadda aka yi wa Pirlo ko Alonso, da ya fi haka suna. Amma cewa wai da ya zama Messi ko Zidane, a'a, wannan son zuciya ne irin namu.

Batun matsayi kuma, Okocha yafi shi gwaninta nesa ba kusa ba, wannan ko shi bazai musa ba. Oliseh yafi shi dogon fasin da shot, wanda ya ga ƙwallon da ya ci Sifen a 1998 ya sani. Amma a tarin kofuna da daɗewa a sama babu ɗan tsakiyar Najeriya da ya kamo shi, kuma ga shugabanci. Ku tuna Olamfik na Rio a 2016, yaran Siasia sun maƙale a Atlanta babu jirgi, sai ranar wasa suka sauka Manaus saura 'yan awanni, suka fito suka ci Japan 5 da 4, Etebo ya ci huɗu. Mikel ne kyaftin ɗinsu, shi ya riƙe yaran nan har da aljihunsa, ya ci Denmark a kwata fainal shi da Aminu Umar, Jamus ta tare mu, muka doke Honduras 3 da 2 Sadiq Umar ya ci biyu. Wannan tagullar ita kaɗai ce lambar da Najeriya ta samo a Rio gaba ɗaya, duk wasannin da aka je.

ɗan_kurna:

Kai jama'a na gode ƙwarai, tsohon_lamba4 Allah ya ƙara lafiya baba, wannan bayanin naka zan kai majalisa yau da daddare. Amma akwai abin da ban gane ba, an ce zuwansa Rio ɗin ne ya jawo masa matsala a Chelsea, haka ne? Don ni kawai gani nayi ya ɓace daga tim sai ji nayi wai yana Chaina. Kuma bayan nan ina da ina ya buga, naji wani yana cewa har Kuwait ya je?

Blues_Zariya:

Eh to, da gaskiya a ciki amma ba duka ba. Conte ya zama kocin Chelsea a bazarar 2016, lokacin da yake haɗa tim ɗinsa shi Mikel yana can tare da su Siasia, kuma shi da bakinsa ya sha faɗa cewa an nuna masa in ya tafi to ya san inda dare yayi masa, ya zaɓi ƙasarsa. Da ya dawo ko minti ɗaya Conte bai bashi ba. Sai dai mu faɗi gaskiya, an riga an sayo Kante daga Leicester, ga Matic wanda tun dawowarsa daga Benfica a Janairun 2014 ya karɓe gurbin, a kakar 2014/15 da muka ci lig ma Mikel yawanci daga benci yake shigowa in ana son a kulle wasa. Hiddink ne kawai ya sake dawo dashi da ya karɓi riƙo a ƙarshen 2015, don shi dama mutuminsa ne tun 2009. To ko bai je Rio ba da wuya ya ture Kante da Matic a tsarin Conte mai son gudu kamar an kunna inji.

Janairun 2017 ya tafi Tianjin TEDA, yayi kaka biyu a can. Farkon 2019 ya dawo Ingila wajen Tony Pulis a Middlesbrough na 'yan watanni, ya je kofin Afirka a Masar wanda shine na ƙarshensa, bayan wasan da Madagaska ta ci mu 2 da nema bai sake shiga ba, aka samo tagulla ya ce ya ajiye rigar ƙasa, a ƙasar da ya fara kofin Afirka a nan ya gama. Daga nan Trabzonspor ta Turkiyya, can kuma a Maris ɗin 2020 da korona ta ɓarke aka ce a cigaba da lig shi yace bazai buga ba iyalinsa sun fi masa, aka raba gari. Sai Stoke kaka ɗaya, sai Kuwait ɗin da kaji, 'yan watanni kawai yayi, a Satumbar 2022 ya sanar ya rataye takalmi. Yanzu shirin hira yake a intanet, kuma abin dariya mutumin da a fili baka jin bakinsa yanzu yafi kowa surutu.

Baban_Khalifa:

tsohon_lamba4 na ji bayaninka kuma na yarda da maganar Keshi, amma misalin Kuroshiya bai gamsar dani ba. Ka ɗauki mutum ka ajiye shi shekara goma sha ɗaya yana fasin mita biyar, sannan yana da shekara 31 ka ce masa to yau koma lamba goma a gaban Modric, in ya kasa kace ka gani dama ba gurbinsa bane? Ai tun a 2006 ya kamata a yi wannan gwajin ba 2018 ba. Kuma kai da kanka ka faɗa, kasadar aka cire masa, to wa ya cire? Blues_Zariya yana lissafo min su Scolari da Ancelotti, ai su sun zo sun tarar an riga an gama gini ne, babu kocin da zai zo Chelsea da wuƙar Abramovich a wuyansa ya tsaya gwaji da ɗan wasan da yake masa aiki lafiya lau.

ɗan_kurna kaje YouTube ka nemi wasanmu da Maroko da kuma fainal ɗin Ajantina na 2005, ka kalla da idonka kar ka tsaya jin ta bakinmu, sannan ka dawo nan ka faɗa mana ko wannan yaron kama yake da mai gadin Lampard.